Wace Unguwa Ta Dace Da Matashi Mai Yawan Tafiya? Darasin Gidaje Uku A Abuja

Kwanakin baya wani ƙanena, ɗan baffana, ya bugo mini waya cikin murna yana shaida mini cewa Allah Ya yanke masa wahalar zaman jiran aiki, wani kamfani ya ɗauke shi, kuma a Abuja za a ajiye shi. Bayan na taya shi murna sai ya ce, "Yaya, aikin fa na yawo ne, an ce mini a wata sai in yi mako biyu ba na gari. A wace unguwa kake ganin zan kama haya?" Har na buɗe baki zan ambaci suna, sai na tuna ni ma haka aka yi mini lokacin da na shigo birnin a 2018, aka jefo mini sunan unguwa na cafke ido rufe, na kuma ɗanɗana kuɗata. Don haka na ce ya ba ni lokaci in yi tunani. Da na zauna tunanin sai na ga tambayar ta shafi ɗimbin matasanmu, likitoci da injiniyoyi da 'yan jarida da ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin agaji, waɗanda jakar tafiyarsu kullum a ɗaure take a bakin ƙofa. Wannan ya sa na ga ya dace in ba shi amsa ta wannan fili, ko Allah Ya sa wani ma ya amfana.

Ni dai aikina binciken littattafan kuɗi ne, yau ina Kano, gobe Sakkwato, jibi Maiduguri ko Legas. Akwai shekarar da na zauna na ƙirga, na iske kwana 150 ban kwana a ɗakina ba, wato hayar wata biyar cur na biya wa ƙura da gizo-gizo. Daga wannan lissafi ne na fara gane cewa mai yawan tafiya ba ma'auni ɗaya yake amfani da shi da sauran jama'a ba. Wanda ke kwana gida kullum yana duba yadda unguwa take idan yana cikinta. Shi kuwa matafiyi tilas ya duba abu biyu: yadda zai fita daga unguwar ya kuma dawo a lokutan da mutane ke barci, da kuma halin da gidansa zai kasance a bayan idonsa. Gidaje uku na zauna kafin wannan karatu ya zauna mini.

Kafin in shiga labarin gidajen, yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda Abuja take. Tun da gwamnati ta taso daga Legas a watan Disambar 1991, tsakiyar birnin, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, ta zama ta ofisoshi da masu hannu da shuni, akasarin ma'aikata kuwa suna kwana ne a garuruwan gefe. Kamar yadda biranenmu na dauri ke da ƙofofi a jikin ganuwa, haka Abuja ke da manyan ƙofofi uku. Akwai titin filin jirgin sama, mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya ratsa Lugbe ya nufi Giri da Gwagwalada da Lakwaja. Akwai titin Kubwa, wanda ya bi ta Dei-Dei da Zuba ya haɗu da hanyar Kaduna da Zariya da Kano. Sai kuma titin Keffi, wanda ya bi ta Nyanya da Mararaba ya nufi Akwanga, inda hanya ke rabuwa zuwa Jos da Bauchi ko Lafiya da Makurɗi. Duk wanda ya kama gida a wajen gari, a bakin ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ya zauna, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ƙofar da ya zaɓa ita za ta riƙa yanke masa lokacin tashi daga barci.

Gidana na farko a Mararaba yake, cikin Jihar Nasarawa, kuma araha ce ta kai ni. Abin da zan biya na ɗaki ɗaya a cikin gari shi ya ba ni ciki da falo a can, ga kasuwa, ga abinci irin namu, ga Hausa ana yi ko'ina kamar mutum yana Sabon Garin Zariya. Abin da ban lissafa ba shi ne filin jirgin sama yana can ɗaya ɓangaren birnin, ya haura kilomita 30 daga tsakiyar gari, ni kuwa sai na ratsa garin kaf kafin in kama hanyarsa. Wata Litinin ina da jirgin ƙarfe tara na safe, na fito ƙarfe shida ina ganin na yi sammako. Wata babbar mota ta lalace a hawan Kugbo, motoci suka yi cirko-cirko tun daga Nyanya. Ina zaune a tasi ina kallon agogo har lokacin rufe karɓar fasinja ya wuce. Da na isa filin jirgi sai dai labari. Sabon tikitin daga aljihuna ya fito, ga kunyar bugo wa maigidana a wurin aiki waya ina ba da uzurin da ni kaina na san ba ya karɓuwa. Daga ranar na koma fita tun kafin kiran assalatu, ko kuma in kwana a falon wani abokina a cikin gari. A ƙarshen shekara da na haɗa kuɗin shatar tasi da na asarar tikiti, sai na iske rarar da nake taƙama da ita ta haya ta bi titi. Wannan kuwa tun kafin a cire tallafin man fetur ke nan a watan Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya ninka har ya wuce. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa wata arahar bashi ce da ake biya da kaɗan-kaɗan.

Ba ina cewa Mararaba ko Karu ko Nyanya ba wurin zama ba ne. Wanda tafiye-tafiyensa na mota ne zuwa Jos ko Gombe ko Makurɗi, ai ya zauna a bakin ƙofarsa, yana fita ya bar cunkoson a bayansa. Kuskurena shi ne na zauna a ƙofar gabas alhali hanyata ta yamma ce.

Da wa'adin hayata ya cika sai na ce na yi hankali, na tattara na koma Lugbe, cikin wani rukunin gidaje mai katanga da maigadi a bakin ƙofa. A nan kam na huta da fargabar jirgi, domin cikin minti 20 ina filin jirgin sama. Wurin shiru, ba hayaniya, kowa ya dawo aiki ya shige da motarsa ya ja ƙofa. A lokacin wannan shirun ya yi mini daɗi ƙwarai, har ina yi wa abokaina kurin cewa na sami wurin da babu mai sa wa wani ido.

A 2022 aiki ya kai ni Maiduguri na kwana 12. Ashe kwana biyu da tafiyata bututun ruwan da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fashe. Gidan rijiyar burtsatse gare shi, kullum da safe ana tura ruwa tanki, tankin kuma yana juye shi a ɗakina. Ranar da na dawo na buɗe ƙofa, wari ne ya fara tarbata. Darduma ta jiƙe ta yi funfuna, ƙafafun kujeru sun kumbura, littattafan da na tara tun ina jami'a sun zama dusa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jakar takarduna da na ajiye a ƙasan gado, a cikinta har da takardar shaidar digiri da ta bautar ƙasa, tawadar wasu ta narke. Ina tsaye a tsakar gida na rasa abin yi sai ga maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ya fito. Ya ce, "Malam, sannu. Wallahi tun ranar Talata muke ganin ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofarka. Mun ƙwanƙwasa ba kowa. Ba mu da lambarka, gaskiya ma ko sunanka ba mu sani ba, shi kuma mai gidan ba ya ƙasar."

Da fari haushinsa na ji. Amma da na kwana na tashi sai na ga laifin a wuyana yake. Shekara ɗaya da rabi muna haɗa bango da bawan Allahn nan, ban taɓa tsayawa mun gaisa ba in ban da ɗaga hannu daga cikin mota. Ban taɓa cewa zan yi tafiya a sa mini ido ba, ban bar wa kowa lamba ba, balle makulli. Katanga da maigadi sun hana ɓarawo shiga, amma ba su iya rufe famfo ba. Shirun da nake yabo shi ne ya ci ni, domin inda ba mai sa maka ido, ba mai sa wa gidanka ido.

Wannan abu ya tuna mini da yadda kakanninmu fatake suke yi. Mutanen da ke tashi daga Kano da jakuna su nufi Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya, kuma a kowane zango abin da suke fara nema shi ne fatoma, wato mai masaukin da zai ajiye musu kaya, ya riƙe amana, ya tsaya musu idan wani abu ya taso. A gida ma ba wanda ke ɗaura wa jaki kaya sai ya damƙa iyalinsa a hannun wani dattijo na unguwa. Su da ba su san jirgi ko wayar hannu ba sun gane cewa dukiyar matafiyi a hannun mazauni take. Mu 'yan boko muka ɗauka kwaɗo da katanga sun isa.

Akwai kuma wani darasin da shekarun nan suka koya wa matafiyan Abuja, wato kada mutum ya jingina rayuwarsa kacokan a kan ƙofa ɗaya. A watan Maris na 2017 an rufe filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na tsawon mako shida domin gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Abokan aikina da suka riga ni zuwa suna ba da labarin yadda mazauna Lugbe, masu jin ƙarar jirgi daga ɗakunansu, suka koma yin doguwar tafiya kafin su hau shi. Haka nan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, mai tafiyar kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya sa mutane da yawa sun kama gida kusa da tashar Kubwa. Da 'yan bindiga suka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022, bai dawo aiki ba sai a watan Disambar shekarar. A watan Agustan 2025 ma ya sauka daga kan layinsa a kusa da Asham, aka sake dakatar da shi na wasu makonni. Saboda haka unguwar da ta dace ita ce wadda idan hanya ɗaya ta toshe, akwai ta biyu.

Da wannan tunani na shiga neman gida na uku, kuma a wannan karon ban bar wa dillali zaɓi ba. Na zauna da takardun tafiye-tafiyena na shekara biyu, na ga fiye da rabinsu Kaduna ne da Kano da Katsina da Sakkwato, na jirgin sama kuwa ba su kai yadda nake zato ba. Sai na karkata ga Kubwa, inda tashar jirgin ƙasa ke kusa, tashar motocin Arewa ta Zuba ba nisa, ga kuma jirgin ƙasan cikin gari da aka sake farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, wanda ke tashi daga Gbazango zuwa Idu, daga nan a sami na filin jirgin sama, ko da yake lokutansa ba kullum suke dacewa da na mutum ba. Gidan da na yi sha'awa sau huɗu na je shi kafin in biya: da rana tare da dillali, da daddare ni kaɗai, da asuba, sannan ranar da aka tafka ruwan sama. Na zauna teburin mai shayi na saurari hirar unguwa, na tambayi 'yan garuwa kwana nawa famfo ke yi bai kawo ba, na tambayi mai shagon da ke sayar da ƙanƙara yadda wuta take. Waɗannan mutane ba su da kamasho a cinikin, don haka gaskiya suke faɗa.

Abin da ya sa na yanke shawara shi ne wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, wanda gidansa ke kallon nawa, kullum yana kan tabarma a ƙofar gida da rediyonsa. Ranar da na tare na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa sunana da garinmu da irin aikina. Ya ce, "To ɗana, in za ka yi tafiya ka riƙa sallama, ko ba komai a yi maka addu'a." Bayan 'yan watanni, da na ga kamun kansa, na damƙa masa makulli ɗaya. A farkon daminar da ta biyo ina Sakkwato sai ga wayarsa: "Ɗana, iskar daren jiya ta ɗaga kwano biyu a rufin ɗakinka. Na kira kafinta ya buga, na sa yara sun janye katifa. In ka dawo ma yi lissafi." Wani karon kuma mahaifiyata ta zo ganin likita, jirgina ya makale a Maiduguri saboda hazo, iyalin Baba ne suka tarbe ta, suka ba ta abinci da wurin salla har na iso washegari. Babu kuɗin hidimar rukunin gidaje da zai saya wa mutum wannan. Ni ma kuma ba na dawowa hannu rabbana, ko kilishi ne ko ɗan turare, kuma duk sha'anin da ya taso a gidansa in ina gari da ni ake yi, domin zumunta a ƙafa take.

Kada a ɗauka Kubwa aljanna ce. Titinta na cika maƙil da safe da yamma, wasu sassanta na gefen rafi suna shan ambaliya, kuma a farkon 2024 yankin Bwari, wanda Kubwa ke ƙarƙashinsa, ya sha fama da masu garkuwa da mutane, musamman unguwannin da ke bakin daji da duwatsu. Lugbe ma ta ga tata ambaliyar a watan Yunin 2023, lokacin da ruwa ya shanye gidaje da motoci a wani rukunin gidaje. Wanda ke da hali, ko ya sami abokin kirki su haɗa kuɗi, Jabi da Utako da Wuye da Gwarinpa sun fi zama tsaka-tsaki tsakanin ƙofofin, ga tashoshin mota a Jabi da Utako. Sai dai a ko'ina ne, layi ya fi unguwa muhimmanci, domin a unguwa ɗaya za ka sami layin da ke da fitila da 'yan sintiri, na bayansa kuwa ko da rana sai ka yi addu'a.

Saboda haka, ƙanena, ga abin da zan ce maka. Da farko ka tambayi wurin aikinka ina da ina za a fi aika ka, kuma da wane abin hawa, sannan ka zaɓi ƙofa. Ka auna hanyar da agogo a lokacin da za ka riƙa binta, kada ka yarda da "minti goma ne" na bakin dillali, domin shi ranar Lahadi yake aunawa. Ka tambayi ƙarfe nawa ake rufe ƙofar layi da ƙarfe nawa ake buɗewa, kada ka sauka daga jirgin dare ka kwana a mota a bakin unguwarku. Ka bincika ko direbobin tasi na yarda su shigo layin da asuba, domin tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, tsayawa bakin titi da jaka cikin duhu kuwa kai kai ne ga 'yan fashin nan masu fakewa da motar haya, waɗanda ake kira 'yan wan-cans.

Ka nace sai gida mai mitar kati taka ta kanka. Gidan da ake raba kuɗin wuta daidai-wa-daida cutar matafiyi ne, kana Legas ana sha da kuɗinka. Ka kuma san rukunin da layin yake, domin a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu alkawarin sa'a 20 a rana, zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni, ninki uku ke nan da ɗoriya a kan na da. Ka dubi jikin katanga, ruwan bara yana barin zanensa ko an shafa fenti. In da hali ka ɗauki bene a kan ƙasa. Ka haɗa kuɗin dillali da na lauya da na ajiya da na hidima a kan hayar kafin ka ce gida ya yi araha, ka kuma sa a rubuta a yarjejeniya wanda za a kira in wani abu ya lalace ba ka nan. Ranar tafiya ka rufe ruwa daga babban makunni, ka zare kayan wuta, ka kwashe abin da ke firji ka ba maƙwabta, takardunka kuma su hau saman kabad cikin leda. Duk waɗannan tun yanzu ake shirya su, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga ƙannenmu mata da aiki ke kai su jihohi, nauyin ya fi haka, domin wasu masu gidajen na ƙyamar ba mace marar aure haya, wasu unguwannin kuma dawowar dare kaɗai ta isa a ɗora wa mutum magana. Shawarata gare su ita ce su nemi gidan da ke da iyali a ciki, su gabatar da kansu da irin aikinsu ga matan gidan tun ranar farko, su kuma riƙe amintaccen direba ɗaya da aka san shi aka san gidansu.

A ƙarshe, abin da ya fi duk waɗannan shi ne ka duba ko a layin akwai wanda ke wuni a gida, wanda zai lura idan tagarka ta kwana a buɗe. In ka same shi ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa sunanka, ka bar masa lambarka da ta wani naka. Kada ka yi saurin ba da makulli, sai an gwada akan san na ƙwarai, amma kada ka shekara a wuri ba wanda ya san ka. Ni sai da takarduna suka jiƙe na koyi wannan, kai kuwa ga shi ka samu a ɓagas.

Allah Ya sa albarka a aikin, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya kuma haɗa mu da maƙwabta nagari, amin.